Suna Na Bakwai

Hajja Zaratu ta banko ƙyauren gidan da ƙafa, hannunta riƙe da na wata baƙuwa, tana ƙwala kira tun daga zaure.

"Dakta! Fito ka ga abin da na kawo maka!"

Dakta Warsame likitan dabbobi ne ɗan Somaliya, shekara tara yana zaune a sashen gaba na gidanta a unguwar Mairi. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu bara, bawan Allah ya bi ya rame, kullum rediyo manne a kunne, ido jawur. Shi ya bi maƙwabta gida-gida yana tara wa 'yan gudun hijira tufafi har buhu uku. Hajja ma ta ba da atamfarta da ko sau biyu ba ta ɗaura ba.

Shi ya sa da ta tarar da matar nan a Kasuwar Shanu, an sauke ta daga motar da ta kwaso dabbobi daga Chadi, ƙafafu kumbure, jaririya goye da tsumma, ba ta yi shawara da kowa ba. Da guntun Larabcin matar da Larabcin Shuwa na Hajja suka fahimci juna. Sunanta Hodan, daga Somaliya, wata biyar tana hanya, ba ta da inda za ta kwana.

Dakta ya fito ko takalmi babu. Da matar ta gaishe shi, ya ji yarensu a bakinta, sai hawaye. Ya ruga ya ɗebo ruwa a kofi, sannan ya yi mata wata gajeriyar tambaya.

Hodan ta sunkuyar da kai, ta fara jero sunaye. Hajja ta san al'adar, shi ya taɓa ba ta labari yana alfahari: kowa a ƙasarsu yana haddace kakanninsa na wajen uba, da haka ake gane dangin mutum. A suna na bakwai Dakta ya ɗaga hannu.

"Hajja, mayar da ita inda kika samo ta."

"Ban gane ba."

"Danginta ne suka kashe ƙanena a Mogadishu."

"Allah ya jiƙansa. Ita ta riƙe bindigar?"

Hodan ta yi sauri ta kwanto goyon, ta nuna masa, ta jero wasu sunayen. Sai ga fuskar Dakta ta saki.

"Mijinta namu ne, ya rasu," ya ce. "Saboda yarinyar nan danginta suka kore ta. Yarinyar jininmu ce. A bar mini ita, zan riƙe ta. Uwar kuwa ta nemi nata dangin."

Ran Hajja ya ɓaci irin ɓacin da ya daɗe bai yi ba. Wato duk kukan da ya shekara yana yi wa 'yan ƙasarsu a tsakar gida, sai ya duba sunan kakan mutum yake zubar da hawayen!

"Nonon fa, Dakta?" ta ce. "Shi na wane dangi ne? Ko shi ma yanko maka za a yi?"

"Hajja, ba za ki gane ba."

"Wallahi ban so in gane."

Ta wuce zaure, ta warware bakin buhun tufafin, ta zazzage shi ƙasa. Ta tona har ta ciro atamfarta.

"Haba Hajja, na 'yan gudun hijira ne wannan!"

"Na sani. Ga ta nan a gabanka."

Ta yafa wa Hodan zanen, ta haɗa da jaririyar, ta tura su ɗakinta ta saki labule. Dakta na tsaye a rana, kofin ruwan har yanzu a hannunsa.