Rarar Inci Biyu

Ranar da Mama ta ce za ta koma gidan Yaya da zama, ina zaune a ƙasa ne ina farke bakin wani siket. Ko kallona ba ta yi ba. Idonta na kan talabijin ta ce, "Nan da sati biyu, ranar Asabar, yayanki zai zo ya ɗauke ni. Na gaji da zaman baƙunta."

Baƙunta! Shekara biyu tana gidana tun da gwiwa ta matsa mata, ɗakin da ya fi ko wanne iska na ba ta, amma wai baƙunta. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Mama, me aka yi miki?" Ta ce ba a yi mata komai ba, ita ma kuma ba ta yin komai, shi ke nan maganar.

Na tashi na shiga kicin don kada ta ga hawayena, sai na tsaya ina kallon wurin kamar yau na fara ganinsa. Ni na zaɓe shi da kaina shekara biyar da suka wuce, lokacin ana yayin fari ƙal. Bango fari, kabad fari mai sheƙi, fitila fara mai kashe ido, kai ka ce ɗakin allura ne. Kabad ɗin ma can sama suke, ni kaina sai na yi ɗage. Ko kujera ɗaya na hana a saka, wai za ta ɓata tsari. Matar da ta ciyar da mu mu bakwai, wadda ba a taɓa raba hannunta da ludayi ba, ta yaya za ta yi girki a nan da wannan gwiwar? Nan take na ce wallahi wannan kicin ɗin ne zai raba ni da uwata, kuma ba zan yarda ba.

Ni tela ce, kuma masu kawo min ɗinki sun daɗe suna cika min ido da hotunan kicin a waya. Yanzu an bar yayin sheƙi. Katako ake yi, launin ƙasa-ƙasa, kanta a buɗe inda hannu zai kai, durowa a ƙasa maimakon kabad a sama, da wurin zama a gefe don mai girki ya samu abokin hira. Washegari da sassafe na faɗa shagon kafintan da ke bayan shagona, wanda muke kira Mai Fensir saboda ko wanka zai shiga da fensir a bayan kunne. Na zayyana masa komai, har ina haɗa magana biyu a numfashi ɗaya.

Ya ce, "To madalla. Yaushe zan zo in auna?"

Na ce, "Ba za ka zo ba. So nake ta gani kwatsam, kuma kujerarta tana kallon ƙofar kicin, ko ƙuda ba ya wucewa ba ta gani ba. Ni zan auna."

Ya sosa ƙeya. "Hajiya, awon katako fa daban ne."

"Malam, shekara ashirin tef na rataye a wuyana. Ni za ka koya wa awo?"

Ya ɗauki takarda, ya rubuta min abin da yake so: daga ƙofa zuwa wurin wanke-wanke, daga nan zuwa murhun gas, daga murhu zuwa taga. Sannan tsayin gwiwar hannun mai girkin daga ƙasa, don a nan ake gane tsayin teburin aiki. Na bangon na auna cikin minti biyar. Na Mama kuwa sai da na yi dabara, na ce riga zan ɗinka mata. Ta miƙe da ƙyar tana dafa kujera, na ce ta lanƙwasa hannu, na ja tef har ƙasa.

Ta ce, "Yau kuma rigar daga gwiwar hannu take farawa? Ko ta sallama ce?"

Na ce sabon yayi ne, na tattara tef ɗina na gudu.

Kai, sati biyun nan ban san inda kaina yake ba don zumuɗi! Kullum sai na leƙa shagon Mai Fensir sau uku, ina shafa katakon ina shinshina shi, har ya ce in na ƙara zuwa zai ba ni zarto in taya shi. Na ɗinka labule mai ruwan zuma, na sayo ƙwan fitila mai haske ja-ja irin na yamma. Baban yara ya kwance tsofaffin kabad, ya yi fenti da kansa, ya fito da rabin fentin a gemu. Mun ce wa Mama gyaran famfo ake yi. Ta ce Allah ya taimaka, ta ci gaba da ninke zannuwanta a jaka.

Ranar Asabar Yaya ya zo da safe. Na riga na haɗa baki da shi ba tare da ya san dalili ba, na ce ya fara kai ta wurin likitan gwiwa, in sun dawo sai su kwashi kaya. Motarsu na karya kwana, motar Mai Fensir na shigowa. Aka shiga sauke akwatunan katako na sabon kicin, ni kuwa ina tsakiya ina ba da umarni kamar ni na sassaƙa su.

Na farko ya zauna daram. Na biyu, na uku, na huɗu, duk lafiya. Ina ta tafi. Da aka zo na ƙarshe, na jikin taga, sai ya ƙi shiga. Aka tura, aka juya, aka ɗaga, ina! Mai Fensir ya zare tef ɗinsa na ƙarfe ya ja daga ƙofa har taga, ya duba takardata, ya sake ja. Sai ya cire fensir daga kunne, abin da ban taɓa gani ba.

"Hajiya, inci shida ne suka yi yawa. Biyu a nan, biyu a nan, biyu a nan. Ya aka yi?"

Na buɗe baki zan yi masifa, sai na tuna. Inci biyu. Rarar ɗinki! Duk telan da ya san aikinsa, in ya auna mutum sai ya ƙara inci biyu saboda lanƙwasa da kalmasa, hannu ne ke rubutawa tun kafin kai ya yi tunani. Na bar wa bango rara kamar zai yi ƙiba.

Baban yara ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Na ce in bai rufe min baki ba, da sauran fentin zan wanke shi. Amma fa awa uku kawai suka rage kafin su Mama su dawo, ga kicin kamar an yi yaƙi.

Mai Fensir ya ce, "Har gwiwar hannun kin ƙara wa?"

Na sunkuyar da kai.

"Wannan mai sauƙi ne, zan rage ƙafafun. Akwatin nan kuwa dole ya fita, kuma in ya fita zai bar rami na inci ashirin da huɗu." Ya tsaya yana kallon ramin. "Wai tsaya. Tsohuwar minti nawa take iya tsayuwa?"

Na ce, "Biyar, shi ma da ƙyar."

"To mu wa muka yi wa wannan aikin duka? Ai na mai tsayuwa muka yi."

Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi. Sati biyu ina rawar kai, ban taɓa tunanin wannan ba. Ya ce in ɗauko kujerar da take zama. Ya zaunar da ni a kai tunda tsayinmu ɗaya da Mama, ya ce, "Wannan karon ni zan riƙe tef, ke lanƙwasa hannu kawai." Ya yanke katakon saman ramin, ya sauko da shi daidai hannun mai zama, ya bar ƙasan fayau don ƙafa ta shige. Ya matso da durowar wuƙaƙe dama da wurin, ya sa ƙaramar kanta a hagu ta gishiri da kayan ƙamshi. Akwatin da ya ƙi shiga kuma muka kwantar da shi ƙarƙashin taga ya zama benci. Na ruga kan keken ɗinki na ɗinka masa matashi da ragowar labule, ban taɓa gudu a kan keke irin na ranar ba.

Muna share garin katako muka ji hon. Na kunna fitila, na tsaya a bakin ƙofa.

Yaya ya shigo yana duba agogo, ya wuce ɗaki ya fara fito da jakunkuna. Na kama hannun Mama na ce ta zo ta ga famfon. Ta tako a hankali da sandarta, ta tsaya. Ta dubi bango, ta dubi labule, ta ja durowa ɗaya ta mayar. Sai idonta ya sauka kan kujerarta a gaban ɗan teburin nan. Ta jingine sandar, ta zauna, ta matsa, gwiwoyinta suka shige ciki kamar don su aka yi, ai kuwa don su aka yi. Ta shimfiɗa tafukanta biyu a kan katakon ta daɗe a haka.

Can ta ce, "Miƙo min albasa. Da wuƙa."

Na ɗauko da gudu, har ina tuntuɓe. Amma da na ga yadda yatsunta ke rawa, sai bakina ya riga ni. "Mama, kawo in yanka miki, ke dai ki huta, yanzu kika dawo daga..."

Ta ɗago ta dube ni. "Kin ji ta ko? Wannan kalmar ce ta haɗa min kaya, ba kicin ba. In na ɗauki tsintsiya, ki huta. In na ɗauki kofi, ki huta. Shekara biyu ina hutawa, 'yar nan. Wanda ya mutu ne yake irin wannan hutun."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Na juya wuƙar na miƙa mata ta wajen ƙota.

Yaya ya leƙo da jaka a kowane hannu. "Mama, rana na yi fa, hanya da nisa."

"Ba ka ga ina aiki ba?"

Ya dube ni, ya dubi kicin ɗin, ya sake dubanta. "To kayan fa?"

"Babbar ka mayar ɗaki. Ƙaramar ka ajiye a bakin ƙofa tukuna, sai na ga ko ƙanwarka za ta iya kama bakinta."

Na zauna a kan benci. Ta fara yanka albasar a hankali, yanka ɗaya sai ta tsaya ta gyara riƙo, wani ya fito da kauri wani siriri. Da ni ce, da tuni na gama uku. Wuƙar ta zame sau ɗaya, na zabura, ta harare ni ta gefen ido. Na koma na zauna, na tura hannayena biyu ƙarƙashin cinyata na danne, ina kallonta har ta kai ƙarshen albasar ta ce in miƙo ta biyu.