Zanen da Babu Kowa a Cikinsa

Tun da ɗana Hudaifa ya bar lakwal, wato makarantar boko, ya koma Magariya yana zane, hankalina bai kwanta ba. Limamin ƙauyenmu ya taɓa faɗa a wurin karatu cewa duk wanda ya zana abu mai rai, ranar lahira za a ce ya busa masa rai. Da na ji wai har a Damagaram ana yabon zanen ɗana, sai na yanke shawarar in je in taho da shi gida ya kama noma.

Na hau kabu-kabu zuwa Dungas, daga nan na shiga mota. Na same shi a wani ɗan ɗaki bayan tasha, ko'ina warin fenti da esansi, wato fetur. Ya durƙusa ya gaishe ni.

Na ce, "Ina mutanen da kake zanawa? Fito mini da su."

"Baba, ku sha ruwa tukun."

"Ban zo shan ruwa ba."

Ya tashi ya juyo wani babban yadi da aka ɗame a jikin katako, tsawonsa ya kai ƙyauren ɗaki.

Ƙauyenmu ne, da safiyar sanyi, gari ya fara wayewa. Ga rumbunanmu da sabuwar jinka. Ga kukar bakin hanya tsirara, gawon gonata kuwa kore shar, kamar yadda yake yi idan sauran itatuwa sun zubar da ganye. An hura wutar kara a ƙofar gidan mai gari, hayaƙin bai tashi sama ba, ya kwanta yana bin ƙasa saboda sanyi. Ban san ana iya zana sanyi ba. Wallahi sai da na ja wuyan rigata, alhali rana tsaka ce.

Na duba lungu-lungu. Ba mutum, ba akuya, ko tsuntsu babu. Amma ga sawun awaki a rairayi, ga ƙwaryar koko tana tururi, ga bargona mai jan layi rataye a kan zana.

"To ina mutanen garin?"

"Sun shiga sallah, Baba. Ga takalmansu nan."

Haka ne kuwa, a jere a ƙofar masallaci. Na matsa kusa.

"Kai! Wannan na Yunusa mahauci ne, dunduniyar hagu ta cinye!"

"Shi ne. Shekara goma ya ƙi sayen sabo."

Ban san lokacin da na kai yatsa kan tokar wutar ba, in ji ko da ɗumi. Sai na ji danshi. Na janye hannu, ga toka da jan garwashi a yatsana, ga tabo a jikin zanen.

"Innalillahi! Na ɓata maka aiki."

"Fentin mai ne, yakan yi kwana bakwai bai bushe ba." Ya sunkuya ya duba, sai ya yi dariya. "Kun tona wutar ne kawai. Dama kullum ku ke tona ta. A bar shi haka."

Na zauna a kan benci. Na daɗe ina kallo. Shekara hamsin da biyu ina fita cikin wannan safiya, ban taɓa tsayawa na ga yadda Allah ya tsara ta ba.

"Hudaifa, tsakaninka da Allah, ka taɓa zana mai rai?"

"Ko kaza ban taɓa ba. Ranar da Malam ya yi karatun nan, ina zaune bayanku."

Na goge yatsana a gefen benci.

"Gawon nan, ka manta da reshensa na gabas, wanda ya sunkuyo kan rijiya. Ka zo ran Juma'a ka dube shi da kyau kafin sanyi ya wuce. Ka taho da fentinka."