Soson Firji da Sabuwar Iska

Ranar da manaja ya ce an hana shigo da iskar gas ɗin da ke kumbura soson firji, saboda tana lalata rigar iskar da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, kowa a masana'antar ya juya ya kalli Malama. Ita ce masaniyar sinadarai a wurin. Ita ke haɗa ruwan sinadarin da ake tsiyayawa cikin bangon firji, ya kumbura ya zama soso, ya bushe, ya hana zafi shiga.

Ta fara gwada ruwa zalla, don idan ya haɗu da sinadarin yakan ba da tasa iskar. Soson ya tashi da kyau, amma ba a jima ba ya motse, ƙofar firjin ta lotsa.

Kawunta, shugaban masu aikin injin, ya ƙwanƙwasa ƙofar yana dariya. "'Yata, wannan firji ne ko kumatun tsohuwa?"

"Kawu, har da kai?"

Ta koma kan wani sinadari mai suna fentan. Yana riƙe sanyi sosai, sai dai ɗan tartsatsi ya ishe shi kama wuta. Manaja ya ce sam. Malama ta tsaya kai da fata, har aka kafa manyan fankoki masu zuƙe iska, aka sauya wayoyin ɗakin. Sannan ta riƙa gauraya fentan da ɗan ruwa, ta rage ta ƙara, ta yanka soson ta duba da madubin ƙara girma. Kwandon shara ya cika da lalatattu.

Wata safiya ta yanka wani, ta ga ramukansa ƙanana, a rufe ruf. Ta sa aka fitar da firji biyu tsakar rana, tsoho da sabo, ba lantarki, kowanne da ƙatuwar ƙanƙara mai girma ɗaya.

Washegari ma'aikata suka kewaye su. Kawu ya buɗe tsohon, ƙanƙarar ta koma kamar dunƙulen hannu. Ya buɗe sabon, ya tarar da ƙanƙarar kusan yadda aka sa ta, sannan ya ɗago ta sama da hannu biyu, ruwa na bin hannun rigarsa.

"Jama'a, ku gani! 'Yata ce!"

Wurin ya kaure da tafi da sowa. Manaja ya matso, ya shafa bangon firjin, ya ce, "Malama, yaushe za mu fara?"

"Yanzu, ranka ya daɗe. Kawu, a kunna injin."