Taliyar da Na Wanke

"Kin wanke ta?" Baba Mumin ya tambaye ni, yana leƙen kwanon da ke hannuna.

"Sau uku, Baba. Har na ɗan jiƙa ta."

Ya rufe ido.

Maƙwabcina ne a Annandale, nan Amurka, ƙofarsa na kallon tawa. Mutumin Kumasi ne, ya shekara talatin yana girki a wani gidan abincin Italiyawa a Washington. Yana kwance ba lafiya, kwana huɗu ke nan bai sa komai a bakinsa ba. Nas ta ce in ya kai gobe a haka za a mayar da shi asibiti, shi kuwa ba abin da yake roƙo sai ya cika a gadonsa. Da safen nan ya ce yana marmarin pastina, wata taliyar romo mai ƙananan ƙwayoyi kamar gero, ya nuna mini ragowar da ke kabad.

To, ni 'yar Jos ce. Duk abin da ya yi ƙanƙanta haka acca ne a idona, acca kuwa wa zai dafa ta bai rairaye yashi ba? Ga shi na kawo wa mutum kunu.

"Chundung, wannan ba ta da yashi," ya ce a hankali. "Romo ya tafasa, ki zuba, ki tsaya a kanta. Man shanu kaɗan, cuku a sama. Da ita Italiyawa ke yaye yaro, da ita suke jinyar tsoho."

"Bari in ruga kanti, Baba."

"Zauna. Miƙo cokalin."

Cokali biyar ya sha, yana haɗiyewa da ƙyar. Na san ba daɗinta yake ji ba, don ni yake yi. Amma da nas ta ji ya ci, ta bar shi a gida.

Washegari na sayo sabuwa, na tsaya a kanta yadda ya ce. Da la'asar na fito da kwanon, sai na tarar da takalman maza birjik a ƙofarsa. 'Yarsa Hasna ta dube ni, ta girgiza kai.

"Ya cika. A gadonsa, Anti," ta ce.

Na koma ɗakina na ajiye kwanon a bakin taga. Tururi na tashi a hankali, kowace ƙwaya a ware take cikin romon.