Hoton da Ya Yi wa Tela Ciki

"Kai ne ka yi wa mijina ciki," in ji matar Tela, ta kifa ambulan a kan teburin mai ɗaukar hoton asibiti.

Wata uku ke nan da ta kawo Tela nan, don fitsari ya zame masa aiki, yana fita ɗis-ɗis. Likita ya ce maza na da wani ƙullutu a ƙasan mafitsara, sai an duba ko ciwon daji ne. Aka ɗura wa tsoho ruwa har ya cika, aka shafa masa mai sanyi a mara, aka goga na'ura. Takarda ta fito manne da hoto, ma'aikacin taga ya leƙa ya ce lafiya lau. Tela ya koma kan keken ɗinkinsa, yana ta ramewa.

Ita ba ta san ko harafi ɗaya ba. Amma jikoki bakwai ta fara gani a irin wannan baƙin hoton tun suna ciki. Jiya tana kakkaɓe akwati hoton Tela ya faɗo, ta ɗaga shi a haske. Ga kai, ga ƙashin baya kamar carbi, ga ɗan hannu a baki.

Mai hoto ya duba, dariyarsa ta maƙale. Lambar da ke jikin hoton ta wata mata ce. Ya laluba cikin kwamfuta ya fito da na Tela.

Da niyyar zagi ta zo, sai ta tsinci kanta ta ja kujera. Ta tambaya yaya ƙarfe ke gani cikin mutum ba tare da wuƙa ba. Ya ce sauti yake aikawa, ya bugi nama ya dawo, kamar kira a bakin rijiya. Ta nuna hoton Tela da yatsa: to wannan mai kama da goro fa? Ƙullutun ke nan. Wannan tabon baƙi a gefensa kuwa? Ya ce ba a yanke hukunci sai an tsakuro nama an gwada, kuma da tuni ya kamata a yi.

Ta daɗe tana kallon tabon.

"Gobe zan kawo shi, ɗan nan. Jinjirin kuma ku nemi uwarsa, tana can riƙe da ciwon mijina. Amma yanzu kira min wanda ya liƙa takardun nan, ya zo ya faɗa min wa zai amsa wata ukun Tela."