Fatsar Alƙasum a Bakin Baraji

Tanna ta sauko gangaren tana tattare zane, ta tarar da mahaifinta inda kowa ya san za a same shi, zaune kan dutse, sandar fatsa a hannu.

"Abba, motar Tahoua na jira. Shofar ya ce ba shi ƙara minti goma."

Alƙasum bai juyo ba. Yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ga ɗayan ma ta fara ci, shi ya sa 'ya'yansa suka yanke ya koma birni wajen Tanna, kusa da likita, ya bar ƙauyen ke nan.

Shi kuwa barajin nan, madatsar ruwan ƙauyen, da hannu aka gina shi, shekarar da fari ya ƙarar da dabbobi. Mata na jidar duwatsu a ka, maza na jerawa, ana sallamarsu da dawa da mai. Da damina ta zo, ruwa ya shanye tsohuwar rugar su Alƙasum, har rijiyar. Daga baya aka zuba kifi, ma'aikatan Tahoua suka riƙa zuwa ran Lahadi da fatsa da butar shayi.

Safi mai suyar kifi ta ɗago murya daga rumfarta. "Buzun da ba shi cin kifi, mi yake nema? Shekara talatin ko ɗan tarwaɗa bai kawo mani ba!"

"Ke dai soya naki, Bahausa," in ji shi.

Tanna ta karɓi sandar za ta naɗe zaren. Ta ja, ta ja, sai ga tsakuwa ɗaure a bakinsa. Babu ƙugiya.

"Abba, mi ne wannan?"

"In mutum ya zauna haka nan yana kallon ruwa, sai a ce ya taɓu. In da sanda a hannu, ba mai tambaya." Ya miƙa yatsa. "Can rijiyarmu take. Yamma da ita kaɗan, nan uwarki ta kafa tanti ran da aka kawo mani ita. In na tahi, wa ya san wurin?"

Shofar ya danna oda, ya sake dannawa. Tanna ta daɗe tana duban ruwan, sannan ta ɗaga hannu ta yi masa alamar ya tafi.

Ta tuɓe takalmi, ta zauna gefen dutsen.

"Gobe ma akwai mota. Sake nuna mani, sannu sannu. Ni a ina aka haihe ni?"