Safiyar da Alcide Ya Kashe Injin

Yayana Alcide ya girme ni da shekara shida, kuma duk garinmu na bakin ruwa a Louisiana babu mai kama ƙaguwa kamarsa. Sai dai mutum biyu ne a jiki ɗaya. Wani lokaci ya yi wata guda bakinsa ba ya hutawa, barcinsa bai wuce awa biyu ba, ya fara gyaran rufin coci babu wanda ya sa shi, ya bar shi rabi ya koma sassaƙa kwale-kwale. Can kuma sai ka ga kamar an zare masa laka. Ya kwanta a doguwar kujera wata biyu, tarkunansa na ruɓewa a ruwa, ko wayata ba ya ɗauka. Mutane suna cewa halin gidanmu ne, haka Babanmu ma yake.

Matarsa Verna ce ta same ni a kicin ɗin makarantar da nake dafa wa ɗalibai abinci. Ta miƙo mini wata takarda da ta ɗauko a asibiti, mai bayanin ciwon da likitoci ke kira baifola, wanda ke ɗaga mutum sama sannan ya maka shi ƙasa.

"Noelie, karanta ki gaya mini ko ba mijina aka zana a nan ba," in ji ta. "Ni in na yi magana sai ya ce mita ce. Ke yana jin taki."

Na karanta sau biyu a tsaye, sannan na je na kwafsa. Ranar Lahadi muna cin miyar kuɓewa da jatan lande a gidansu, dangi cike da tebur, na ce, "Yaya, ina ga ba ka da lafiya, ya kamata ka ga likitan ƙwaƙwalwa."

Ya ajiye cokali. "Mai dafa wa yara wake ta zama likita. Allah ya sanya alheri." Ya tashi ya fita, kuma mako uku bai yi mini magana ba.

A makonnin nan na gane laifina: na tozarta shi gaban mutane, kuma na yanke hukunci ban tambaye shi komai ba. Wata Asabar da safe na je bakin ruwa da kofi biyu da takalman roba, na same shi a cikin jirginsa yana loda kifin da ake sa wa ƙaguwa a tarko.

"Likita ta zo duba marasa lafiya?" ya ce, bai ko dube ni ba.

"Likita ta zo ba da haƙuri. Matsa in shiga."

Mun ja tarko sun kai ashirin. Da muka shiga inda ruwa ya kwanta, na ce, "Na yi kuskure ranar nan. Amma ina so in tambaye ka abu ɗaya, in ka ga dama kar ka amsa. Watannin nan da kake kwanciya, yaya kake ji a ciki?"

Sai ya miƙa hannu ya kashe injin.

"Kamar an cika ni da jiƙaƙƙen yashi," ya ce. "Ina jin Verna tana kuka a kicin, amma tashi in je wurinta ya fi ƙarfina."

"Lokacin da kake sama fa?"

Ya yi ɗan murmushi. "Wannan kam daɗi. Komai a fili, kamar an wanke mini ido. Shi ne abin da ba ku gane ba, auta. Kuna so a ba ni ƙwaya a kashe mini shi, in zama kamar buhun shinkafa."

"Ban san abin da ƙwaya za ta yi ba, Yaya, kuma ban ma tabbata ciwon ne ba. Na dai san a watan Afrilu ka tuƙa mota har Texas ba ka runtsa ba, ka dawo ba ka tuna hanyar da ka bi ba. Tsoro nake ji. Baba bai samu wanda ya tambaye shi ba, kowa dariya ya yi ta yi har ya tafi."

Ya share fuska da hularsa. "Na fi ki jin tsoron. Tun ina shekara ashirin da biyar nake ganin Baba a madubi."

"To mu je a duba. In likita ya ce lafiyarka ƙalau, zan wanke maka jirgin nan har ƙarshen shekara."

"Ke? Da kin nutsar da shi." Ya ja igiyar injin, sannan ya ce, "Ke za ki tuƙa mu zuwa asibitin. Kuma in mun shiga, ki rufe bakin nan naki."

Na tuƙa, na kuma rufe bakin, sai sau ɗaya da likitar ta tambaye ni da kanta. Bayan zama uku ta tabbatar ciwon ne. Abin bai zo da sauƙi ba. Maganin farko ya sa hannunsa rawa har ba ya iya ɗaure igiya, ya yi fushi ya daina sha kwana tara. Verna ce ta lallashe shi ya koma, aka sauya masa wani. Sai da aka yi wata bakwai kafin abin ya daidaita. Bai zama buhun shinkafa ba. Tsokanarsa na nan, surutunsa na nan, sai dai yanzu yana barci.

A bazarar bana ya kira ni ina tsakiyar soya kaza.

"Auta, kwana biyu ke nan barcina na raguwa, kaina ya fara gudu."

"Bari in zo in kai ka."

"Zauna abinki. Na riga na kira likitar tun jiya, ta gyara mini maganin, kuma na ba Verna makullin mota ta riƙe. Na kira ne kawai ki sani ni na fara ganewa, kafin ke da ita."

Na jingina da bango ina hawaye ina dariya, kazar na ƙonewa a bayana. Wannan karon abin bai wuce mako ɗaya ba, kuma ko rana guda bai fasa fita ruwa ba.